Mai Hura wa Mota Taba

Ƙarfe biyar na safe Don Fanor Úbeda yake ɗage kwanon da ya yi wa garejinsa ƙofa. Duk wanda ke layinmu a Santa Rita ya san wannan ƙarar, da ita ma wasu matan ke sanin lokacin ɗora wake ya yi. Zai share tokar rake da ta sauka a tsakar gareji, ya jera sifanoninsa a kan buhu daga ƙarami zuwa babba, ya watsa wa kaji tsaki, sannan ya zauna a tsohuwar kujerar motar da ya jingine da bishiyar mangwaro, ya jira wanda Allah zai kawo. Shekara talatin da huɗu yana haka. Kafin nan ya yi shekara tara yana saran rake, kamar kowane namiji a garin nan. A ƙarshen watan jiya ya sauke kwanon nan bai sake ɗagawa ba. Ni Migdalia, matar Evenor, wadda ta fi kowa cin mutuncinsa a garin, ni ce na ce sai na rubuta wannan.

Don Fanor ba ya shan taba, amma kullum akwai puro guda a aljihun rigarsa, irin naɗaɗɗen ganyen taban nan mai kaurin babban yatsa, wanda ƙanwarsa ke aiko masa daga garin Estelí. Kayan aiki ne a wurinsa, daidai da filaya. In inji ya fara shaƙar iska ta inda bai kamata ba, ta wata tsaga da ido ba ya gani, sai ya kashe shi, ya toshe masa hanci, ya kunna puro ya hura hayaƙi a cikin tiyo. Duk inda hayaƙin ya ɓullo, nan ɓarakar take.

Mun sha gani da idonmu. Shekara uku da suka wuce, a tsakiyar rani, injin da ke jawo mana ruwa daga rijiyar gari ya tsaya. Kwana huɗu muna tafiya rafi da jarkoki. Mutum biyu suka zo daga birni da akwatunan kaya, suka kwance, suka ɗaure, suka tafi, ruwa bai zo ba. Don Fanor ya zo da puronsa a bayan kunne, kafin azahar ya gano tsaga siririya kamar gashi a wuyan kafireta. Haka ya yi wa motar Fada, limamin cocinmu, ran bikin waliyyiyar garinmu, ga gunki an ɗora a baya da furanni, ga 'yan badujala sun jeru, mota ta ce ba ta san zancen ba. Fada ya tsaya yana kallon hayaƙi na fita daga ƙarƙashin bonet, ya ce, “Fanor, ni ma kullum hayaƙi nake kaɗawa a coci, ban taɓa ganin ya yi aiki da sauri haka ba.” Aka kwashe da dariya, mota ta tashi, aka yi zagaye.

Duk na san wannan. Ku riƙe a ranku cewa na sani, don abin da zan faɗa nan gaba ba ni da uzuri a kansa.

A garinmu akwai mota guda da ta fi kowace mota. Tsohuwar ƙaramar bas ce mai shan fetur, wata coci ta ƙasar waje ta ba mu, muna kiranta Kaka. Aikinta ɗaya ne: Litinin, Laraba da Juma'a ta kwashi mazanmu bakwai zuwa birnin León wankin ƙoda, ta dawo da su. Ciwon da suke kwasowa a gonar rake ke nan, babu gidan da bai san shi ba. Mijina Evenor yana cikin bakwai ɗin, shekara biyu ke nan. Wanda bai zauna da mai wankin ƙoda ba ba zai gane ba. In ranar ta wuce ba a yi ba, ruwa ne zai taru a jikin mutum, ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura, ya hau ƙirji. In aka tsallake biyu, sai a fara kiran 'ya'yan da ke nesa. Daga garinmu zuwa kwalta kilomita bakwai ne na ramuka, kuma bas ɗin haya ba ta shigowa.

Tun farkon saran rake na bana Kaka ta fara halin tsiya. In an tsaya sai ta yi ta karkarwa kamar mai zazzaɓi, in Yader direbanmu ya ɗage ƙafa daga totur sai ta mutu. Tana wani siririn fito daga gaba, tana fitar da shuɗin hayaƙi ta salansa, baƙin mai kuwa sha take kamar an aiko ta. Yader mutumin kirki ne, shekara tara yana jan motar nan ba a ba shi ko sisi, amma abin da ya iya shi ne tuƙi. Ya ga mai yana tsattsafowa a gindin wani tiyo, sai ya yanko robar tayar keke ya naɗe wurin tam, ya ƙara baƙin mai mai kauri, ya ce ya yi maganin abin.

Mu biyar ne a kwamitin mota, ni ce mai babban baki. Da muka zauna a barandar makaranta, Yader ya ce, “Don Fanor fa ya tare ni sau biyu a hanya, ya ce in kawo masa ita ya duba.”

Na ce, “Haba Yader! Ran mutum bakwai za mu damƙa wa mai hura wa mota taba? An wuce wannan zamanin. A León akwai gareji mai kwamfuta, a jona mata waya ta faɗi ciwonta da bakinta.”

Aka yi dariya, aka bi maganata. Kafin yamma zancen ya isa gindin mangwaro, don garinmu ba a ajiye magana ta kwana. Washegari na wuce ta ƙofarsa, ya ɗaga mini hula kamar kullum ya ce, “Barka da safiya, Doña Migdalia, yaya jikin mutumina?” Na amsa da ƙyar ina kallon wani wuri.

Ranar Alhamis Yader ya kai Kaka garejin kwamfuta. Wani mai farar riga ya jona na'urarsa, ya zagaya baya ya ga hayaƙi, ya rubuta a takarda cewa fistin da zobensa sun cinye, sai an sauke inji gaba ɗaya, aikin sati uku. Da Yader ya dawo ya karanta mana, muka yarda ba musu. Mu mutane ne da muka saba a miƙo mana takarda a ce lambar gwajin ƙoda ta hau, mu sunkuyar da kai mu karɓa. Har wata a cikinmu ta ce, “Ita ma ƙodarta ta tafi ke nan.” Ko mutum ɗaya bai ce a sake tambayar wani ba. Muka ce a lallaɓa ta ta kai mu gobe, daga nan a san abin yi.

Ba ta kai mu ba. Ranar Juma'a ta mutu sau shida kafin mu kai gadar rafi, a na bakwai ta ƙi tashi sam. Muna cikin rana, rake dama rake hagu, maza bakwai suna kallon agogo har lokacinsu ya wuce. Shanun wani manomi ne suka jawo mu gida, suka ajiye mu a filin makaranta. Da yamma malamar jinya ta ɗakin wankin ƙoda ta kira ni a waya ta ce ta yi ƙoƙari ta samo musu wuri gobe Asabar ƙarfe biyu na rana, in suka rasa wannan kuma sai Litinin. Huɗu daga cikinsu za su iya lallaɓawa a bayan babur zuwa kwalta. Uku ba za su iya ba, har da Evenor. Shi tun Laraba rabonsa da wanki, ƙafafunsa sun cika, ya kasa kwanciya sai zama a kujerar lilo, numfashinsa yana fita da wata ƙara da ba na son in tuna.

Gari na wayewa na ajiye girman kaina na nufi gindin mangwaro. Na tarar gareji a rufe. Don Fanor yana ƙofar gida a kan babur ɗinsa, ya sa wankakkiyar riga mai dogon hannu, da 'yar jaka a rataye, matarsa Doña Chilo tana tsaye a bayansa. Kowa ya san wasu ranakun yakan sammaka birni, mun ɗauka neman kayan gyara yake zuwa.

Na ce, “Don Fanor, Kaka ta mutu.”

Ya ce, “Na ga shanu sun wuce da ita.”

“Ƙarfe biyu ake jiransu. Evenor ba zai kai Litinin ba. Don Allah ka zo ka duba.”

Ya kalli agogonsa. Ya ce, “Ina da zuwa León yanzu, Doña Migdalia. In na dawo da azahar…”

Wayyo ni da bakina! Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, “Da azahar? Mutum na can yana shaƙewa kana cewa da azahar? Ƙarafunan da za ka sayo sun fi ran mutum? In don maganar da na faɗa ce kake ramawa, ka rama a kaina, kar ka rama a kan mijina!”

Doña Chilo ta buɗe baki ta ce, “Migdalia, ke ba ki san…” Ya ɗaga mata hannu, ta yi shiru. Ya daɗe yana kallon kan babur. Sannan ya kashe shi, ya cire jakar ya miƙa mata, ya shiga gareji ya ɗauko buhun sifanoni, ya zura hannu a wani gwangwanin madara ya ɗauki wani abu ya sa a aljihu. Na ga Doña Chilo ta juya ta shige gida da hannu a baki, na ce a raina ji wannan, kamar an ce za a yanka mata miji.

Kafin mu isa filin makaranta rabin gari ya taru. Yader yana tsaye da takardar gareji a hannu kamar wanda aka kama da kayan sata. Don Fanor bai ce masa komai ba sai, “Tashe ta, ka riƙe totur kaɗan.” Da ƙyar ta tashi, tana tari tana girgiza. Ya sunkuya ya karkata kai yana saurare, ya bi fiton nan da kunne har bayan inji. Ya kama murfin da ake zuba baƙin mai zai buɗe, murfin ya ƙi, kamar wani na riƙe da shi daga ciki. Da ya fizge shi sai muka ji wurin yana zuƙar iska, fuuu.

Ya ce, “Ba ni takardar nan.”

Yader ya miƙa masa. Ko karantawa bai yi ba. Ya ɗora ta a bakin ramin, inji ya zuƙe ta ta manne tam, har tsakiyarta ta lotsa ciki. Don Fanor ya ce, “To, ga amfaninta. Injin da fistinsa ya cinye turo takarda yake yi waje, Yader. Wannan ja yake. Kaka ba ta mutu ba, wani wuri take shaƙa.”

Ya mayar da murfi, ya ɗauko filaya ya matse wani tiyo baƙi da ya fito daga saman inji. Ikon Allah! Nan take karkarwa ta ragu, ƙara ta daidaita, kamar jaririn da aka sa wa nono a baki. Mata suka ɗora hannu a ka. Ya saki filaya, tari ya dawo. Ya sake matsewa, ta lafa. Wani tsoho a bayana ya ce, “Kai, wannan ai sihiri ne!”

Ya ce a kashe. Ya cire babban bututun da iska ke shiga, ya toshe bakinsa da leda da tsumma, ya zaro wani siririn tiyo daga wajen birki. Sannan ya ciro puro, ya ciji bakinsa ya tofar, ya kunna. Ya juyo ya kalle ni, babu fushi ko kaɗan a fuskarsa, ya ce, “Doña Migdalia, matso kusa, idonki ya fi nawa. Ki faɗa mini inda zai fito.”

Na matsa, kunya kamar in nutse. Ya zuƙa ya hura a tiyo. Ya sake. A na uku ya tsaya ya dafa mota da hannu biyu, yana haki, fuskarsa ta yi wani toka-toka. Na ɗauka tabar ce ta bugar da shi. Ya huta, ya hura na huɗu. Sai ga shi, farin hayaƙi siriri yana murɗowa daga ƙarƙashin robar tayar keken da Yader ya naɗa.

Na yi ihu na ce, “Ga shi nan! Ga shi nan, Don Fanor!”

Ya warware robar a hankali. A ƙarƙashinta akwai wani ɗan bawul na roba mai tauri, bai wuce babban yatsana ba, ya tsage daga wuya, tiyon da ke kansa ma ya bushe ya dare. Ya zaro shi ya kawo kusa da kunnena ya girgiza. Shiru. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani irinsa sabo fil, ya girgiza, ya yi ƙas-ƙas-ƙas.

Ya ce, “Kin ji bambanci? Inji yana tara iska a cikinsa, kamar wanda ya ƙoshi da wake. Wannan ɗan abin shi ne mai gadin ƙofa, yana sakinta kaɗan-kaɗan ta koma a ƙone ta. Naku ya maƙale a buɗe, ga shi ya tsage. Sai inji ya yi ta zuƙar iskar da ba a auna masa ba, yana jawo baƙin mai tare da ita yana ƙonawa. Shi ne shuɗin hayaƙin, shi ne mutuwar da take yi in an ɗage ƙafa.”

Yader ya ce, “Wannan ɗan mitsitsin? Don Fanor, wannan ne sati uku?”

“Wannan ne. Kai kuma da ka ɗaure shi da roba, ɓoye mini shi ka yi, ɗan nema. In ka ga mai na tsattsafowa, ka tambayi dalilinsa kafin ka rufe masa baki.”

Na ce, “Amma ina ka samu sabo da sassafen nan?”

Ya ce, “Wata biyu ke nan yana cikin gwangwani. Ran da na fara jin fitonta ta wuce ƙofata na sayo shi.”

Wata biyu! Abin da zai hana mu kwana da tashin hankali yana cikin gwangwanin madara, taku ɗari biyu daga gidana, ni kuma ina baranda ina ba mutane dariya da sunansa. Na rasa inda zan sa fuskata.

Aikin bai ƙare nan ba. Ya sa sabon bawul, ya yanko sabon tiyo ya ɗaure da ƙarfe. Ya kwance filogi huɗu, duk sun yi baƙi ƙirin da mai, ya zauna a ƙasa yana goge su ɗaya bayan ɗaya. Rana ta ɗaga, zufa ta jiƙa masa riga sharkaf, amma bai naɗe hannun rigar ba. Na ruga gida na haɗo masa ruwan tsamiya da ƙanƙara a babban kofi. Ya kurɓa kaɗan, ya kurkure baki ya zubar, ya miƙo mini. Na ce a raina, to, har yanzu yana jin haushina, kuma yana da gaskiya.

Wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi ya ce Yader ya murza makulli. Bugu ɗaya ta tashi. Yader ya ɗage ƙafa daga totur a hankali. Ba ta mutu ba. Tana ta gurnaninta a natse, fito ya ɗauke, hayaƙin baya ya yi ta raguwa har ya zama ba komai. Mata suka ɓarke da kuka da dariya a haɗe. Aka ɗauko Evenor a kujerarsa, ya kalli Don Fanor da kumburarrun idanu ya ce, “Tsoho, in na mutu ka hura mini taban nan, ƙila in tashi.”

Don Fanor ya ce, “Kai ai ɓarakarka a baki take, ba sai an nema ba. Ku shiga mu tafi.”

Ya ce zai bi mu don ya saurare ta a hanya. Wuri ya cika, maza bakwai da mu mata uku masu riƙe su, sai ya kifa bokiti a bakin ƙofa ya zauna a kai. Ya yi ta sauraren inji har León. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin muka tsaya a ƙofar asibiti. Shi da Yader suka tallafi Evenor zuwa ɗakin wanki, ina biye da jaka. A bakin ƙofa na ga ya ja hularsa ƙasa yana neman juyawa, amma malamar jinya ta riga ta gan shi.

Ta ce, “Don Fanor! Ina ka shige da safe? Kujerarka ta jira ka har ƙarfe takwas, sau huɗu ina kiran wayarka!”

Na ce, “Wace kujera?”

Ta kalle ni kamar na yi tambayar wauta. Ta kama hannunsa na hagu ta tura rigar sama don ta duba. Jama'a, ga jijiyar nan a kumbure, murɗaɗɗiya, da tabon allura jere a kai, irin wadda nake shafa wa Evenor mai a kanta kullum. Jakar da ke hannuna ta faɗi. Wata goma sha ɗaya ke nan yana zuwa wankin ƙoda, in ji malamar! Talata, Alhamis da Asabar, ƙarfe bakwai na safe, shi kaɗai a kan babur zuwa kwalta, daga nan bas ɗin haya, ya yi awa huɗu a jikin na'ura, ya dawo ya buɗe gareji da yamma. Mu da muke ganin mun fi kowa sanin ciwon nan, mun iya gane shi a tafiyar mutum daga nesa, muna zaune da shi a layi ɗaya ba mu gani ba. Kuma da safiyar nan wankinsa zai tafi, na tsaya a gabansa na ce ƙarafuna sun fi masa ran mutum.

Evenor ya fara kiciniyar tashi daga kujerar da aka zaunar da shi, yana cewa, “A ba shi tawa. Malama, a ba shi tawa!”

Don Fanor ya ce, “Kai, zauna mana! Dubi ƙafarka kamar kututturen ayaba. Na ɓata safiyata a banza ke nan?”

Aka jona Evenor. Shi kuwa babu sauran wuri a ranar. Suka gwada jininsa, suka ce zai iya kaiwa safiyar Litinin in ya kame bakinsa daga ruwa. Ya kai, amma da ƙyar. Kwana huɗu ke nan ba wanki, ga hayaƙin da ya zuƙa, ga ranar da ya sha. Ranar Litinin Kaka ce ta ɗauke shi, a kwance a kan cinyar Doña Chilo. Kwana shida suka riƙe shi. Likita ya ce zuciyarsa ta wahala, ba shi ba sunkuyawa a ƙarƙashin bonet kuma. Dalilin rufe gareji ke nan.

Don Fanor, yanzu da kai nake. Kai ne ka san ciwon motar nan tun tana wucewa a guje, ka sayi maganinta ka ajiye, ka jira mu gama wautarmu. Kai ne aka yi wa dariya a baranda, washegari ka ɗaga hula. Mai kunnen da ya fi kwamfuta, ba a banza Fada yake cire maka hula ba. Da na je duba ka na tambaye ka me ya sa ka ɓoye mana, ka ce abu biyu. Ka ce in ka shiga Kaka, matar wani ce za ta sauka, wa zai riƙe mata miji a hanyar dawowa. Ka kuma ce ka san halinmu: ran da muka ji mutum ya kamu, sai mu zaunar da shi a kujerar lilo, mu rage murya in mun gan shi, mu daina kawo masa aiki wai tausayi, mu fara gaida matarsa da wata irin gaisuwa. Ka ce da mun yi maka haka, wa zai duba motar? Na so in musa, na kasa, don haka muke yi, ni ma haka na yi wa Evenor.

Ga abin da nake roƙon mutanen Santa Rita da duk wanda wannan ya isa gare shi. Don Fanor yana nan da ransa, yana zaune a gindin mangwaro duk ranar da ba ta wanki ba, kansa cike da abin da babu shi a takarda. Ya ce duk mai so ya zo, namiji ko mace. Yader ya fara zuwa, ya hura puro sau ɗaya ya yi tari har da hawaye, tsohon yana dariya yana cewa a tiyo ake hurawa, ba a ciki ba. Ni ma na je, yanzu na iya girgiza bawul in gane mai rai da matacce. Ku zo ku koya tun yana iya nunawa. Kuma wanda yake yi muku aiki shekara da shekaru, ku riƙa kallon fuskarsa, ku tambaye shi jikinsa kafin ku miƙa masa matsalarku. An mayar da shi layin Litinin, Laraba da Juma'a, kujerar gaba tasa ce, kuma babu matar da ta sauka, mun matsa ne kawai.

Evenor yana nan. Yau da safe ya ci shinkafa da wake, ya yi mini faɗa wai babu gishiri, kamar bai san likita ya hana ba.

Akwai tambaya guda da na daɗe ina riƙe da ita, sai shekaranjiya na iya yi maka. Na ce, ran Asabar ɗin nan a ƙofar gidanka, da nake zazzaga maka rashin mutunci, me ya hana ka ce mini wanki za ka? Kalma ɗaya ce. Ka yi murmushi ka ce, “Da na faɗa miki, Doña Migdalia, da kin ce in tafi.”

Na dawo gida ina juya maganar. Kai ka yarda da zan ce ka tafi. Ni kuwa, Allah shi ne shaidata, da mijina a kujera yana neman numfashi, har yau ban san abin da zan ce ba. Ka ajiye jakarka ka bi ni don kar a kai ga sai na zaɓa. Na gode da motar, na gode da mijina, amma wannan ce godiyar da ban san yadda zan yi maka ita ba, Don Fanor. Allah ya ƙara maka kwana.